Aron Sanduna

Baba mai gyaran takalmi a gindin tagar ɗakin wasan kwaikwayo ya tsufa. Cutar shan-inna ta shanye masa ƙafafu tun yana yaro, da sanduna yake tafiya, amma duk maganar 'yan wasa ya haddace ta, burinsa wata rana ya hau dandamali.

Rannan shugabar wasan ta leƙo. "Baba, sabon wasanmu labarin gurgu ne. Za ka taimaka mana?"

Bawan Allah ya sha aski, ya ɗauko rigarsa ta ƙasan akwati.

Yana isowa ta ce, "Yauwa Baba, ara mana sandunan."

Wani lafiyayyen saurayi ya karɓa, ya fita yana ɗingishi. Baba na kan benci bayan labule, ba halin tashi. Da aka tafa, shi ma ya tafa.