Shayi na Uku a Hanyar Gadabeji

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da na zauna a gaban motar haya a dajin arewacin Dakoro ba.

Ƙawayena biyu ne suka zo hutu daga Maradi, suka nace sai sun ga raƙuman dawa a Gadabeji, su sayi cuku a hanya. Muka ɗauki shatar kat-kat, motar nan mai ratsa rairayi, ta yini guda. Muna shirin tashi sai Inna, mahaifiyata, ta fito da lulluɓinta ta shige gaba. Ban tambaye ta ba, na san dalili. Yayanta yana kiwo a wajajen, kuma tun da ta auri manomi ta zauna gari ya daina yi mata magana.

Muka same shi kusa da wata rijiya. Da ƙyar ya amsa sallama, bai dube ta ba, amma ya hura gawayi ya ɗora buta. A wurinsu shayi zubi uku ne, wanda ya tashi kafin na ukun ya raina mai masauki ke nan. Kawu kuwa bai san sauri ba. Muna kan na biyu direba ya fara danna oda.

"Malama, ku taso mu tahi. In rana ta yi sanyi ba ku ganin komi."

Ƙawayena suka miƙe suna kakkaɓe zane. Inna ma ta fara laluben takalminta, don ba ta iya ɓata wa baƙo rai. Nan zuciyata ta hau. Na je na zauna dirshan a rairayi, dab da hancin motar.

"Ba inda za mu sai Kawu ya zuba na ukku. In kana iyawa, ka bi ta kaina."

Ɗaya ƙawar ta ce na haukace. Na ce na ji. Rairayin nan yana ƙuna kamar kasko, amma ban motsa ba.

Da na ukun ya nuna, Kawu ya miƙa wa Inna kofin farko da hannunsa, ya ce, "Ƙanwata, kin rame." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ba mu kai Gadabeji ba. Direba ya yi ta mita har gida, ƙawayen nan kuma har yau suna cewa na cuce su. Su yi ta faɗa, ban ba su haƙuri ba, ba kuma zan bayar ba. Tun ranar na koyi cewa idan zumunci ya zo ɗinkewa, duk mai sauri sai ya jira.