Polkar Ubaldina

A La Loma, can saman duwatsun Mérida inda alkama da dankali kaɗai ke yarda su tsiro, ba a taɓa yin mai goge kamar Nemesio Albarrán ba, kuma ba a taɓa yin mutumin da mata suka fi ƙin haɗuwa da shi a hanya ba. In mace ta hango shi tafe da akwatin goge a hammata, sai ta ja mayafinta na ulu ta rufe kan ɗan da ke hannunta, ta yi alamar gicciye, ta ratse cikin gona ko da ƙaya ce a wurin. Shi kuwa sai ya ɗaga malafa ya gaida ƙeyarta, don mutum ne mai ladabi. Ko kaza bai taɓa cuta ba. Laifinsa ɗaya, ya iya abin da ya iya, mu kuma muka yi ta aikawa a kira shi.

Gogen na kawunsa ne, ya gada tun yana kiwon tumaki. Kafin gemu ya fito masa, ba a gama sussukar alkama a wani gida ba tare da an share masussuka an ajiye masa kujera ba. Yana yin kowane irin kiɗa, amma polka ce abincinsa. Ita polka ba ta san nauyin jiki ba. Namiji ya kama ƙugun mace, a yi tsalle, a yi taku, a juya, kafin ka ce me tsohuwar da ta zo da sanda ta manta inda ta jingine ta.

A irin wannan rawar ya ga Ubaldina, 'yar mai injin niƙa, wadda in ta juya sai kitsonta ya mari fuskar abokin rawarta. Tana da wata ɗabi'a, tana cikin rawa sai dariya ta kama ta, ta tsaya cak, sannan ta buga ƙafa ta ci gaba. Nemesio ya koma bayan tumakinsa ya tsara mata polkarta, ya sa wa kiɗan wannan tsayawar: ana cikin gudu sai goge ya ɗauke ɗif kamar an riƙe numfashi, sai kowa ya buga ƙafa, a sake ɓallewa. Da ita ya nemi aurenta, ita kuma ya kaɗa ranar bikinsu. Yakan ce shi kaɗai ne ango a duniya da ya tsaya yana kiɗa, ƙattin gari suna juya masa amarya.

To, a wurinmu in yaro ya mutu bai kai wayo ba, ba a zaman makoki. An ce ba shi da zunubi, ya zama ɗan mala'ika, biki ake yi masa. A sa masa fararen kaya, a kwantar da shi a kan tebur cikin furanni, uwarsa ta baftisma ta yanka masa fikafikai na farar takarda. A dafa kofi, a zagaya da miche, barasar nan ta rake, a yi kiɗa da rawa har lokacin kai shi. Doka ɗaya ce: uwa ba ta kuka. Hawayenta ke jiƙa fikafikan, yaro ya kasa tashi, ya yi ta ragaita tsakanin sama da ƙasa. Ban san wanda ya kafa wannan dokar ba, amma na yi imani bai taɓa shayarwa ba.

Ɗan farin Nemesio da Ubaldina ya tafi tun bai fid da haƙori ba. Da aka gama shirya shi a kan tebur, Nemesio ya ɗauki goge ya soma wani kiɗa mai sanyi, irin wanda aka saba. Ubaldina ta zo ta riƙe masa hannu.

"In ka ci gaba da wannan, zan jiƙa masa fikafikai," in ji ta. "Yi mini nawa, mai saurin nan. Ba ya barin mutum ya yi tunani."

Ya yi mata. Ta yi rawa har takalminta ya yage, idonta a bushe ƙamas. Matan da ke wurin suka gani, suka ajiye a ransu, don kowace ta san tana iya buƙata wata rana.

Ranar ba ta yi nisa ba. Shekarar da tarin shiƙa ya hau dutsen, gida bai gama share furanni ba maƙwabta sun fara tsinka. Kowace uwa ta aika a ce wa Nemesio ya zo da polkar Ubaldina, don an gwada an gani, wadda ke wannan tsallen ba ta da numfashin kuka. Bai taɓa cewa a'a ba. Ruwa ko ƙanƙara, yakan sa goge cikin bargo ya hau ya gangara, ba ya karɓar komai sai kofin miche. Bayan tarin shiƙa ƙyanda ta zo ta yi nata. A cikin waɗannan shekaru ya kaɗa wa wasu 'ya'yansa uku, Ubaldina ta yi wa kowanne rawa. Eloína kaɗai, autarsu, mutuwa ta tsallake.

Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a daina kiran Nemesio wajen biki. Kawai dai aka wayi gari ana ɗaura aure sai a nemo wani mai jita daga ƙauyen gaba, ana gama sussuka sai a ce bana an gaji. Yara suka sa wa kiɗan suna polkar mala'iku. Ya gwada tsara wasu sababbi, amma muryar gogen kaɗai ta isa ta sa mace ta leƙa ta ga ko ɗanta na numfashi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mu da ya tsare mana fikafikan 'ya'yanmu, mu ne muka koma ratse masa a hanya, kuma ba mu ji kunya ba.

Abin ya ci masa rai ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa. Ya koma noman alkamar wasu ana raba amfani. Ubaldina ta zama mace mai shiru, fuskarta ta bushe kamar dankalin bara, ba ta rawa sai a gaban tebur. Buri ɗaya ya rage wa Nemesio, wannan kam ba ya ɓoye shi: ranar auren Eloína zai kaɗa polkar nan, ta koma inda ta fito, rayayyu su taka ta suna dariya. Yakan faɗa a ƙofar coci, yakan faɗa a wurin niƙa. Duk dokin da ya gani mai farar wutsiya sai ya roƙi izga ya adana, wai don bakan gogen ranar.

Eloína tana son ubanta. Kullum da safe takan durƙusa ta ce, "Sa mini albarka, Baba," ya ɗora hannu a kanta. Amma tun tana ƙarama, in ta ji yana ɗaure tsirkiya sai ta sulale gidan maƙwabta. Da Fermín, wani mai alfadarai daga garin da ke cikin kwari, ya nemi aurenta, uwarsa Doña Rufina ta yi alkawarin aro garmaho daga birni. Ana saura mako guda, Eloína tana gasa wainar alkama, ta faɗa wa ubanta ba tare da ta ɗago kai ba.

"Baba, ranar ka zo da ƙafafunka. Gogen ya huta a gida."

"Ƙafafuna? Yaushe kika taɓa ganin ubanki ya yi rawa? Ni ko a bikina tsayawa na yi kamar turke."

"Sai ka fara a nawa."

"Ai polkar ta uwarki ce, 'yar nan. Don biki aka yi ta."

"Ni ban taɓa jin ta a biki ba," in ji ta. Ta juya wainar.

Ya ce to. Amma ranar bikin, da hantsi, an ga yana cusa wani ƙunshi a bayan katangar duwatsu da ta kewaye masussuka.

An ɗaura aure a coci, aka hauro. An ci, an sha, garmaho ya yi ta tsiwa da muryar hanci, mutanen kwari suna ta burga da shi. Da la'asar wani kawun ango, wanda miche ya riga ya hau masa kai, ya kama mariƙin garmahon ya yi ta murzawa har wani abu ya tsinke a ciki. Masu rawa suka yi cirko-cirko a tsakiyar fili. Baƙin nan ba su san komai ba, sun dai ji an ce uban amarya mai goge ne, sai suka yi masa ca.

"Suruki, ina gogen da ake ba mu labari? Ko an sayar an sayi dankali?"

"Ku ƙyale tsoho, yatsun sun yi sanyi. A nan sama har kiɗa daskarewa yake."

Mutanen La Loma kowa ya sa ido a ƙasa. Nemesio ya dubi 'yarsa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta sunkuyar da kai ne kawai, shi kuma ya ga abin da yake so ya gani. Ya je bayan katanga ya dawo.

Ya fara da wata tsohuwar polka ta kowa da kowa. Baƙi suka faɗa fili, samarinmu suka bi su, ƙura ta tashi. Ya yi ta biyu, har Doña Rufina ta tattare siket ta shiga. Shekara da shekaru rabonsa da ya ga haƙoran mutum yana kiɗa. Daɗi ya kwashe shi, ya rufe ido, ya saki polkar Ubaldina.

Mutanen kwari suka yi shewa, don ba su taɓa jin kiɗa mai zaƙinsa ba. Matanmu kuwa ƙafafunsu suka ɗauka da kansu, saboda sabo. Aka yi ta juyi har aka kai wurin da goge ke ɗaukewa. A cikin wannan ɗan shirun, maimakon bugun ƙafa, sai aka ji wata murya ta fasa kuka, irin kukan da ba a taɓa ji a La Loma ba. Ubaldina ce, tana tsaye a gefen fili, tana kiran sunan ɗanta na fari. Babu tebur a wurin, babu fikafikan da za a jiƙa, babu mai ce mata ta yi shiru. Matar da ke kusa da ita ta kama, ta gaba ma ta kama. Nan da nan iyaye mata suka zube a kan masussuka, har da tsofaffi masu jikoki, kowace tana jero sunayen nata.

Nemesio ya buɗe ido ya ga abin da ke faruwa, ya firgita. Magani ɗaya ya sani na kukan uwa, duk rayuwarsa shi yake bayarwa: ya ƙara sauri. Yana ƙarawa kukan na ƙaruwa, yana ganin bai ƙara isasshe ba ne, izga tana tsintsinkewa a kan baka, gumi na zuba masa a wannan sanyin. Eloína ce ta ratso cikin matan da farar rigarta, ta ɗora tafin hannu a kan tsirkiya.

"Ya isa, Baba."

Doña Rufina ta ce ita ba ta taɓa ganin mugun nufi irin wannan ba, an yi wa ɗanta jana'iza ranar aurensa. Ta sa aka ɗaura wa alfadarai kaya tun rana ba ta faɗi ba. Eloína ta hau alfadari ba ta durƙusa ta nemi albarka ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta iya magana. Abin da ta ce masa kawai shi ne kada gogen nan ya taɓa taka ƙofar gidanta.

Ubaldina ta yi kwana biyu tana barci kamar jaririya, ta tashi ta ci abinci da yawa. Ta ce wa mijinta, "Ni ka yi mini alheri. Yarinya ce ka cuta." Ya rataye gogen a jikin bango bai ƙara taɓa shi ba. Ko an aiko daga gidan da aka yi rashi, sai ya ce hannunsa na ciwo. Da labari ya hauro cewa Eloína ta haifi 'ya mace, Ubaldina ta gangara ita kaɗai, ta dawo ta ce jaririyar tana da goshinsa. Ya yi ta jira a aiko masa, ko da gaisuwa ce, ba a aiko ba.

Wata safiya yana tonon dankali, ya ga Fermín ya hauro da alfadarai biyu, ɗaya da sirdi ba mahayi. Fermín ya sauka tun daga nesa, ya cire malafa ya riƙe a ƙirji. Ya ce Eloína ta ce a gaishe shi, ta ce ya sa mata albarka. Nemesio ya ce Allah ya yi mata albarka, cike da murna. Sai Fermín ya ce ta kuma ce ya taho da gogen.

Tsohon ya dubi malafar, ya dubi idon surukinsa. Ya ajiye fartanya a hankali.

"Wane kiɗa ta ce?"

"Mai saurin nan, Baba. Ta ce tun jiya take riƙe da kukan, kuma ba ta jin za ta iya kai shi gobe."

Nemesio ya goge ƙasar hannunsa a jikin wando ya shiga ɗaki. Ya tarar Ubaldina ta riga ta ji, tana naɗe farar takardar fikafikai da almakashi a cikin ɗankwali. Ya sauko da gogen, ya hure ƙurar, ya ciro farar izgar da ta yi saura. Tsirkiya duk ta saki. Ya ce a tafi kawai, ya ɗaure ta a kan hanya, don yarinyar tana jira.