Layar da Na Ɗaure a Cikin Jirgin Soja

Mutanen unguwarmu ta Jarwal a Makka sun ɗauka ni matuƙin jirgin sama ne, ni kuwa ban taɓa ɓata bakina na gyara musu ba. Gaskiyar magana, noti nake ɗaurewa. 'Yan shekaru bayan babban yaƙin Turawa na biyu wani kamfanin Nasara ya karɓi kwangilar gyaran jiragen soja a filin Jidda, aka ɗauke ni aiki a rumfar jirage. Ranar Asabar da sassafe in hau babbar mota in bar Makka, ranar Alhamis da la'asar in dawo da baƙin mai a farce, ina tafiya ina buɗa kafaɗa kamar ni na ƙera jirgin. A lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, da mata, da ciki wata shida a gida.

Wanda ya sama min aikin wani dattijo ne maƙwabcinmu, kowa Baba yake ce masa. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi shekaru a Sudan yana gyaran manyan motoci, yaƙi ya kai shi filin jirgi, can ya koyi injin jirgin sama. Duk cikin baƙaƙen fatar da ke rumfar shi kaɗai ne mai hatimi. Ma'anar hatimin ita ce, in an buɗe wani wuri a jikin jirgi aka yi gyara, ba a rufewa sai mai hatimi ya duba da idonsa, ya buga lambarsa a takarda. Daga nan in wani abu ya faru a sama, mai lambar za a nema. Akwai kuma wani Bature dogo, mufattishi muke ce masa, wato mai bin diddigin aiki. Dokarsa guda ce, kullum sai ya sa tafinta ya maimaita mana ita har ta ishe mu: abin da ba ya cikin takarda ba ya shiga jirgi. Ko ƙwallon dabino ya gani a ƙasa kusa da inji, ranar ba mai shan iska.

Baba ya fi Baturen tsanani, wallahi. Shi ya koya min ɗaurin waya, siririyar wayar nan da ake murɗa wa kan noti don kada girgiza ta kwance shi. Kowa yana yanke bakin wayar ya bar ta haka, shi kuwa sai ya lanƙwasa bakin sau biyu zuwa ciki, ya ce don kada ta yanki hannun wanda zai zo bayanka. Sau nawa ya sa na kwance aikin yini guda saboda wannan lanƙwasar! Ina ƙunƙuni, ina zaginsa a zuci, har dai hannuna ya koma irin nasa sak.

To, akwai wata tsohuwa a lungunmu, Basakkwaciya, Inna nake ce mata. Ba ita ta haife ni ba, amma ita ta shayar da ni lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo, tare da ɗanta na cikinta. Wannan ɗan nata ya shiga soja, aka koya masa aikin rediyo, yana tashi a cikin jirgin ɗaukar kaya da ke zirga-zirga tsakanin Jidda da Ɗa'ifa. Tun ranar da ta ji ƙafarsa na barin ƙasa Inna ba ta ƙara samun kwanciyar hankali ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga Harami ta aika a kira ni. Ta zuba min shayi, ta tambayi mai ciki, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar laya ta jar fata, ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Ta ce, "Ɗan'uwanka ya ƙi karɓa. Wai malaman nan sun ce shirka ce, wai in aka gan ta a jikinsa a bariki ya shiga uku. To, tun da ya ƙi ta a jikinsa, kai ka sa min ita a jikin jirgin."

Na ce, "Haba Inna, ba a yin haka. Akwai doka."

"Dokar wa?"

"Ta kamfani."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kamfanin ne ya ba ka nono?"

Ta ce da wannan layar ta ƙetare hamada, da ita ta shiga kwale-kwale a Sawakin ta bakin tekun Sudan, ba abin da ya same ta. Sai ta fara hawaye, ta kama hannuna ta cusa min, ta dunƙule yatsuna a kai. Zan iya cewa hawayen ne suka karya ni, amma ba na son in yi wa kaina ƙarya a wannan shekarun. Daɗi na ji. Tsohuwa ta ɗauka ran ɗanta a hannuna yake, ni kuma na so ta ci gaba da ɗauka haka.

A wannan makon aka shigo da jirginsu rumfa don duban da ake yi masa lokaci-lokaci. Muka ɗaga daɓen ciki, inda igiyoyin ƙarfe ke bi daga hannun matuƙi zuwa wutsiya. Baba ya kwanta rub-da-ciki da tocila ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya shafa, ya ja, ya gamsu. Aka kira azahar. Ya miƙe yana dafe ƙugu ya ce, "Rufe, bari in yi alwala." Bai taɓa barin a rufe wuri ba ya tsaye a kai ba sai ranar, kuma don ni ne. Yana juya baya na zaro layar, na ɗaure ta da waya a jikin wani ƙarfe daidai ƙarƙashin kujerar mai rediyo, kamar taƙi guda daga igiyoyin. Na murɗa da kyau, na lanƙwasa bakin sau biyu ba tare da na ma yi tunani ba. Da ya dawo ya ce, "Ka rufe lafiya?" Na ce lafiya lau. Ya hura hatiminsa ya buga.

Jirgin ya yi ta tashi yana sauka wajen wata biyu, har na manta. Ashe zafi ya busar da fatar, girgiza kuma tana ta sa wayar tana cin ta. Wata safiya suna dawowa daga Ɗa'ifa, matuƙin ya zo sauka ya ji wutsiya ta ƙi juyawa. Muna tsaye a bakin rumfa muka ga jirgin ya taho a karkace, ya daki ƙasa da ƙafa ɗaya, taya ta fashe, bakin fiffike ya tono ƙasa, ƙura ta turnuƙe. Innalillahi! Na ruga da gudu tare da kowa. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya mutu. Ɗan'uwana ya fito da goshi a fashe, jini har cikin ido, ya gan ni ya rungume ni yana dariyar wanda ya tsira.

Kashegari aka jera mu a rumfa, mu goma sha wani abu. Mufattishi ya zo da wani hafsan soja Balarabe da tafinta. Ya buɗe hankici a kan tebur, ga layar Inna a tsakiya, igiya ta tauna ta, takardar ciki ta leƙo. A gefenta ga zoben wayar da ya yanko daga jikin ƙarfen. Baturen bai san mene ne wannan abu ba, sai juya shi yake da bakin alƙalami. Hafsan kuwa kallo ɗaya ya yi mata ya tsuke fuska, ya bi mu baƙaƙe da ido. Mufattishi ya ɗaga wayar, ya nuna lanƙwasar nan biyu, ya buɗe takarda ya karanta lambar hatimi. Ya kira Baba.

Baba ya karɓi wayar ya daɗe yana kallonta. Bai waiwayo inda nake ba ko sau ɗaya.

Tafinta ya ce, "Ana tambayarka, kai ka sa wannan?"

Ya ce, "Hatimina ne a kan takardar."

"Ba wannan aka tambaye ka ba."

"Ni aka ba amanar in duba kafin a rufe. Hatimina ne."

Sai Baturen ya juyo gare mu ya ce, duk wanda ya san wani abu ya yi magana yanzu. Ni ne na uku a layi. Na tuna ɗakin tsaron bariki, na tuna cikin matata, na tuna yadda zan shiga Jarwal ba aiki. Bakina ya buɗe, na rantse ya buɗe, sai na mayar da shi tari. Baba ya zaro hatimin daga aljihun gaba ya ajiye a kan tebur, ya ɗauki butarsa ya fita. Saboda tsufansa hafsan ya ce ba za a tsare shi ba, amma kada a ƙara ganin ƙafarsa a filin.

Kafin Alhamis labari ya riga ni zuwa Makka. Mutumin da in liman bai zo ba shi ake turawa gaba a masallacin lungu, sai ga shi ana raɗa wai boka ne, ya kusa kashe Musulmi da tsafi. Aka daina tura shi gaba. Inna kuwa ta tare ni a ƙofa tana murna, ta ce, "Ka gani ko? Ba don layar ba da yanzu muna zaman makoki." Kai, ranar na ji kamar in fasa ihu a tsakiyar lungu! Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba, na ce layarta ce ta kusa kashe shi. Ta ce in ji tsoron Allah, ta rufe ƙofarta. Na tsaya ina huci, alhali na san ba ita ta riƙe filaya ba.

Ranar Juma'a da hantsi na tafi gidan Baba, na shirya maganata tun daga gida. Na same shi a ƙofa a kan tabarma, ya baje rishon wata maƙwabciya yana gyarawa. Mutumin da ke duba injin jirgin sama, yau shi ne da tsinken risho. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi mai ciki. Duk maganar da na shirya ta gudu. Na zauna ina miƙa masa abin da bai ce in miƙa ba.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Guda nawa ka sa?"

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Jiragen nan huɗu ne, kuma yaron yana shiga kowanne. Guda nawa ka sa?"

Na ce, "Ɗaya ce."

"Ka rantse."

Na rantse, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ƙato da ni. Ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi, kwana uku ke nan wannan tambayar ta hana shi cin abinci. Na ce ya yafe min. Ya ce nasa laifin shi ne alwalar da ya tafi, wannan kuma ya biya. Na ce gobe zan je in faɗa wa mufattishi gaskiya, a wanke shi, a mayar masa da hatiminsa.

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ban ce ka je ba, ban ce kada ka je ba. Ka san ƙofar ofishin."

Asabar da safe ina sauka daga mota na nufi ofishin kai tsaye. Na ƙwanƙwasa. Baturen na zaune, tafinta na gefensa, hatimin Baba na nan kan tebur kusa da kwalbar tawada. Ya ɗago ya ce me nake so. Na ƙura wa hatimin ido. Ya sake tambaya.

Na ce na zo karɓar takardar aikin yau.

Ya miƙo min, na karɓa da hannu biyu, har da godiya. Na yi shekara goma sha ɗaya ina wuce wannan ƙofar safe da yamma. Baba ya rasu a shekara ta huɗu yana gyaran risho, kuma har aka ɗauke shi zuwa Harami akwai waɗanda suka ƙi bin gawarsa saboda abin da suka ji. Ni na bi, ina gaba-gaba, kafaɗata a ƙarƙashin makara, mutane suna cewa Allah Ya yi min albarka da ban guje shi ba. Na amsa musu da amin.