Zanen Kakana a Titin Saint-Fons

Duk shekara idan sanyi ya wuce nakan fitar da kayan akwati in shanya su. Tsarina ɗaya ne: barguna tukuna, sannan rigunan sanyi, sannan abin da ke can ƙasa. A can ƙasan akwai wani zanen saƙi, baƙi mai ratsin fari, bakinsa ya fara zarewa. Har yau idan na warware shi ƙanshin shuni na tashi. Ba zanen mace ba ne. Na kakana ne, mahaifin mahaifiyata, kuma da shi ya yi yawo a titunan Saint-Fons, a ƙasar Faransa, ina da shekara goma sha ɗaya. Bari in ba ku labarin daga farkonsa, don ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Muna zaune a hawa na uku na wani dogon gini. Ta tagar kicin ana hango bututun masana'antar da Baba ke aiki, hayaƙinsu fari da safe, ruwan toka da yamma. Idan iska ta juyo, warin magani kan shigo har cikin kayan shanya. A wannan gida Kaka ya sauka a ƙarshen sanyi, daga ƙauyenmu na ƙasar Maradi, don a yi masa aiki a mara. Ba a gaya mini sunan ciwon ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da kowa ya sani shi ne sharaɗin da ya kafa tun a filin jirgi: zai koma gida kafin ruwan farko. Irin geronsa na rataye a rumbu, shi ya zaɓi zangarniyarsa da hannunsa, kuma bai taɓa barin wani ya fara jefa masa iri a gona ba.

Aiki ya yi kyau. Likita ya ba da umarni uku. Na farko, kada ya ɗauki abu mai nauyi. Na biyu, ya yi tafiya a ƙasa kullum. Na uku, kada komai ya matse wurin ɗinkin. Bayan mako shida za a duba, idan ya warke a ba shi izinin hawa jirgi. Kaka ya ƙirga a yatsunsa, ya ga zai isa gida da sauran kwanaki a hannu.

Wandonsa na gida mai mazagi ne, kuma mazagin daidai kan ɗinkin yake zama. Don haka ranar da zai fara fita ya ɗauko zanen nan ya ɗaura shi sama da cibiya, ya naɗe bakinsa irin ɗaurin maza, ya sa taguwa, ya ɗora kwat ɗin Baba a kai, ya kafa hularsa. A ƙauye haka dattijo ke zama a ƙofar gida da safe, ba mai kallonsa sau biyu.

Ni aka ce in riƙa raka shi zuwa gidan burodi mu dawo kafin lokacin makaranta, don ni ke jin Faransanci sosai, kuma ni ce jika. Kun san tsakanin kaka da jika babu kunya. Yana ce mini "matata", ina ce masa "tsohon mijina".

Ina tuna yadda mutane suka karɓe mu, bi da bi. Matar hawa na ɗaya ta buɗe ƙofa, ta dubi ƙafafunsa, ta rufe. Wani dattijo Balarabe da ke zaune a benci ya ɗora hannu a ƙirji ya yi masa sallama. Samarin da ke jiran bas suka yi fito, ɗaya ya ce, "Bonjur, madam!" sauran suka kwashe da dariya. Mai sayar da burodi kuwa ko ƙasa ba ta duba ba, ta miƙo mana burodi da zafinsa.

"Me yaran can suka ce?" in ji Kaka.

"Madam suke ce maka."

"To ki ce musu madam ta gode. Ki ƙara da cewa ta riga uwayensu tashi."

Ban faɗa musu ba. A cikin masu dariyar akwai wan wata 'yar ajinmu, kuma kafin a tashi tara duk aji ya ji cewa kakana siket yake sawa.

Na Turawa bai dami Baba ba kamar na 'yan gida. Ran Juma'a, ana fitowa masallaci, wani Alhaji ɗan ƙasarmu ya ja shi gefe ya ce masa mutane na magana, a nan ba ƙauye ba ne, surukinsa na jawo wa kowa raini. Baba ya dawo fuskarsa a ɗaure. Amma yaya zai yi? Suruki ba ya duban idon surukinsa, balle ya yi masa maganar abin da zai ɗaura a ƙugu. Inna kuwa 'yar fari ce, Kaka ko sunanta ba ya faɗa. Sai Baba ya je kanti ya sayo wandon motsa jiki mai roba a ƙugu, irin wanda ake kira jogin, ya ninke shi ya ajiye a kan gadon Kaka.

Kaka ya ga wando, ya gane saƙon. Kyautar suruki ba a mayar da ita. Washegari ya sa.

Ni murna na yi, ba zan ɓoye ba. Fito ya tsaya, 'yan aji suka sami wani abin yi. Na riƙa tafiya kusa da shi, maimakon can gaba kamar ban san shi ba.

Amma abubuwa suka fara canzawa, kuma na lura da su ɗaya bayan ɗaya. Da farko ya riƙa tafiya da babban yatsansa a cikin robar wandon, yana ɗaga ta daga jikinsa. Sannan ya ce mu riƙa tsayawa a benci. Sannan ya ce gidan burodi ya yi nisa, mu juya daga kantin magani. Ranar da na ga yana sallar azahar a zaune, na shiga na rufe ƙofa.

"Tsohon mijina, ka gaza ke nan? In nemi saurayi?"

Bai rama ba. Wannan ne ya ba ni tsoro, don Kaka bai taɓa barin tsokana ta faɗi ƙasa ba.

"Wandon nan na cizo, matata," in ji shi a hankali. "Kada ki gaya wa mai gidan nan. Da kuɗinsa da zuciyarsa ya saya."

Ranar Laraba, da babu makaranta da yamma, ma'aikaciyar jinya ta zo duba shi. Baba na wurin aiki, Inna ta fice kicin saboda kunya, aka bar ni a bakin ƙofa na juya baya ina fassara. Na ji matar ta ja numfashi. Wurin ya yi ja, ya kumbura, ya fara ruwa. Ta ɗaga wandon sama da yatsa biyu ta tambayi wanda ya ba shi wannan. Ta ce a daina sa shi yau, a ci gaba da tafiya kullum, kuma an ƙara masa mako biyu a kan shidan. Idan bai kiyaye ba, sai an sake buɗe wurin.

Da na fassara masa, bai tambayi komai a kan ciwon ba. Yatsunsa ya sake ƙirgawa. Sannan ya dubi taga, inda babu komai sai bututun hayaƙi.

A gidan nan mutum huɗu ne, uku ba za su iya yi wa juna maganar ba. Saura ni. Da Baba ya dawo ya ci abinci ya wanke hannu, na durƙusa a gabansa na faɗa masa a jere: abin da matar ta gani, abin da ta ce, da kwanakin da aka ƙara. Na ce Kaka ya hana ni faɗa. Na ce kuma ni ma na ji daɗin wandon, saboda 'yan ajinmu. Sai Baba ya tambaye ni:

"Tun yaushe yake jin zafin?"

"Tun ranar farko, Baba."

Ranar Asabar da safe na same shi a kicin da dutsen guga, shi da bai taɓa goge ko hankici ba. Zanen Kaka yake gogewa, a hankali, yana bin ratsin. Ya ninke shi huɗu, ya kai shi kan gado, daidai inda ya ajiye wandon.

A ranar nan, mu uku muka fita. Kaka a gaba da zanensa, ni a gefensa, Baba a baya da taku uku, kamar yadda ya dace da suruki. Da muka iso wurin jiran bas aka fara fito, sai Baba ya tsaya. Bai ɗaga murya ba. Ya gai da yaran ɗaya ɗaya, ya ce wa na farko ya gai da babansa, suna aiki tare, ya tambayi na biyu jikin mahaifiyarsa. Fito ya mutu a bakinsu. A ƙofar gidan burodi muka yi kiciɓis da Alhajin nan. Ya durƙusa ya gai da Kaka gaisuwa mai tsawo, idonsa na kan zanen.

"Alhaji, kana kallon saƙin?" in ji Kaka. "Irin na mahaifinka ne. Na san shi, a kasuwa ɗaya muke saye."

Alhaji ya ce haka ne, Allah ya jiƙan magabata. Muka amsa da amin.

Daga ranar, duk safiyar da Baba ba ya aiki yana bayanmu. Itatuwan bakin titi suka yi ganye, kwat ya koma kan ƙusa, tafiyarmu ta wuce gidan burodi ta kai har bakin kasuwa. A ƙarshen mako na takwas likita ya duba ya sa hannu.

Ruwan farko ya riga Kaka isa gida da kwana biyu. Ya bugo waya daga shagon waya na garin da ke kusa da ƙauyenmu, ya ce a ba shi matarsa. Ya ce ƙasa na da sauran laima, ya jefa irinsa da hannunsa, kuma in gaya wa yaran bas madam ta sauka lafiya. Zanen kuwa a kan gadonsa ya bar shi, a ninke huɗu. Baba bai taɓa fita da shi waje ba, amma kowace Lahadi da shi yake shan shayi a gida, har ƙarshen rayuwarsa. Su biyun ba su taɓa yin maganar ba.

Yanzu a Paris nake, kusa da unguwar Porte de la Chapelle, ina aikin wanki da guga a gidan kula da tsofaffi. Kwanakin baya ina cikin jirgin ƙasa na metro da 'yata, wani saurayi ya shigo da siket har gwiwa. Ba wanda ya yi fito. Yanzu ba a fito, waya ake ɗagawa a ɓoye a ɗauki hoto. 'Yata ta zungure ni, ta fara laluben tata. Ban san dalilin yaron ba, ba kuma zan ce shigar ta burge ni ba. Amma na riƙe hannunta na ce ta mayar da wayar cikin jaka. Ta tambaye ni don me. Na ce idan mun isa gida zan buɗe mata akwati, in faɗa mata a jere. Ni na taɓa murna da wando, kuma na ji abin da aka tarar a ƙarƙashinsa.