Sarauniyar Bakin Taga

An kore ni daga bakin taga ana tsakiyar labari, kuma har yau ban yafe ba. Ranar wata Laraba ce ta damina, shekarar da ruwa ya ci katangar bayan gidanmu a Tarauni, ina 'yar yarinya da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka. Ni ba 'yar makaranta ba ce. Baba ya sa yayyena maza a firamaren da ke tsakaninmu da Gyaɗi-Gyaɗi, ni kuwa ya ce aikin gida ya ishe ni karatu. Sai dai talla ta ba ni ɗan abin da ya hana ni, domin tun da sassafe Inna take sallamata, yara kuwa ba sa fitowa tara sai hantsi ya dubi ludayi. Sai in sauke farantin a gindin ajin Malam Sabo, in ɗora gammona a kai, in taka wani tsohon bulo, in kama ƙarfen taga. Malam Sabo yana ganina, amma bai taɓa nuna ya gan ni ba.

A bakinsa na fara jin labarin mutanen da, malaman da suka keta sahara neman ilmi da fataken da suka kai goro inda ba a taɓa ganinsa ba. Ran nan kuwa ya ɗauko labarin sarauniyar nan ta Zazzau. Ya ce tun tana budurwa ta fi sha'awar takobi a kan muciya, ta girma ta ja rundunar maza, duk inda ta yada zango sai ta sa a kewaye wurin da ganuwa, sarakuna na nesa suna aiko mata da gaisuwa. Na ƙara ƙanƙame ƙarfen tagar. Ban taɓa sanin an yi macen da maza suka bi ba don abinci ba. Malam ya gyara tsayuwa, ya ce, "To, a ƙarshen rayuwarta kuwa..." Sai na ji tsumagiya a sharaɓata. Hedimasta ne. Ya ce, "Ke! Nan kasuwa ce? Ɗauki tarkacenki ki koma bakin ƙofa, kada in sake ganinki a nan." Na faɗo daga kan bulon, gyaɗa ta watse cikin taɓo. Ina tsinta ina kuka, kuma wallahi ba don dukan ba ne, ba don gyaɗar ba.

Da yamma na tare Ɗanliti, ɗan maƙwabtanmu da ke ajin, na ce ya ƙarasa mini. Ya ce sai na cika masa aljihu da gyaɗa. Na cika. Ya tauna, ya tauna, ya ce kada ne ya cinye ta a bakin kogi. Washegari ya ce a'a, ya tuna, aure ta yi ta zauna tana tuƙa tuwo kamar kowace mace, abokansa suna ta ƙyaƙyata dariya. A nan na rantse cewa ba zan karɓi ƙarshen labarin nan daga bakin kowa ba, sai na gan shi da idona a takarda. Rantsuwar yarinyar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba.

Tarauni ta lokacin nan ba wadda kuka sani ba ce. Da ka fita bayan gidaje sai gonakin gero da dawa, ga kududdufi cike da kwaɗi, ga goruba jefi-jefi. Muna tashi mu share tsakar gida, mu jawo ruwa a rijiya, mu kai niƙa inji, mu tsinko tafasa da rama, mu ɗaure awaki kada su yi ɓarna. In mun samu sarari sai gindin wata tsamiya, mu yi 'yar carafke da 'yar gala-gala, mu dafa tuwon ƙasa a gwangwanaye. Amma ba ma gamawa lafiya. Su Ɗanliti sukan zo a guje kan dawakan kara, su tattake mana girki, su ce sun ci gari da yaƙi. Mu kuwa sai kuka da kai ƙara, iyaye su ce mu yi haƙuri, haka maza suke.

Na tara 'yan matan layinmu na ce musu an yi wata mace da ba ta kai ƙara, ganuwa take ginawa. Muka shiga jidar laka daga kududdufi a tsofaffin kwanuka, muna cuɗa ta da busasshiyar ciyawa yadda muka ga magina suna yi. Yau mu ɗora, gobe ruwa ya zubar da rabi, mu sake. Inna ta dubi zanena ta ce, "Asabe, wannan zanen da kika mayar na magina, wa zai wanke?" Na ce mayaƙa ba sa wanki. Na sha ranƙwashi, na kuma wanke shi. Amma ginin bai tsaya ba har ya kewaye tsamiyar, ya kai mana ƙugu, muka bar masa ƙofa ɗaya tak. Sauran makami. Duk gidan da aka yi sussuka muka bi muna roƙon ƙaiƙayin gero, mata suna tambaya ko kaji za mu yi wa shimfiɗa.

Ranar da suka zo, mun jera gwangwanayen girki a tsakiya kamar ba komai, mun laɓe jikin bango. Suka kwararo ta ƙofar nan suna ihu. Na ɗaga murya na ce a rufe, aka ja wani tsohon asabari aka toshe, muka juye musu ƙaiƙayi a wuya da cikin riga. Wanda bai taɓa jin ƙaiƙayin gero a jikin da ya yi gumi ba, bai san abin da nake faɗa ba. Dakarun nan suka watsar da dawakai, suka haura ganuwa suna susa da hannu bibbiyu, wasu har kududdufi suka faɗa. Ɗanliti kaɗai muka kama, Talatu, wadda duk ta fi mu jiki, ta zaune shi. Ya ce, "Asabe, don Allah ki ce ta ɗaga ni, na rantse zan gaya miki ƙarshen na gaskiya." Raina ya so, har bakina ya buɗe. Sai na ce, "Riƙe abinka. Dokinka nake so." Na hau dokin karansa na zaga layinmu, 'yan mata suna bina da guɗa. Baba yana dawowa kan kekensa ya ci birki, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Da wannan namiji ce..." Ni kuwa har yau ban ga abin da namiji zai ƙara a kan abin da na yi ran nan ba. Daga ranar ba a sake tattake mana girki ba.

Na yi aure, na haihu, na yi shekaru ina dafa wa ma'aikatan asibitin koyarwa abinci, nas-nas suna kirana Hajiya mai miyar taushe. Rantsuwata tana nan. In aka ɗauko tarihin sarauniyar a rediyo, da na ji an doshi ƙarshe sai in murɗe shi, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ce taurin kaina ya fi na jaki. Ranar da jikata Ummi ta ce, "Hajiya, kawo in duba miki a waya, yanzu-yanzu," ranar na ji kunya ta kama ni, ba ta komai ba sai ta yadda na bar furfura ta riga ni. Na shiga ajin yaƙi da jahilci a Darmanawa, na zauna cikin sa'o'in 'ya'yana ina kiran baƙi da wasali da ƙarfi, wanda zai yi dariya ya yi.

Bana na ari littafin tarihi a wurin Ummi, na zauna a inuwa bayan la'asar, na kori kowa. Na bi shi da yatsa, layi-layi, ta hau mulki, ta ci garuruwa, ta gina ganuwa. Na iso wurin da tsumagiya ta tsayar da ni. Abin da na tarar shi ne masana sun saɓa, wasu sun ce can ta rasu, wasu sun ce ba can ba. Na yi dariya har da hawaye. Ashe ko na tsaya a tagar nan, "an ce" zan ji. Amma wannan karon ni na karanto "an ce" ɗin, ba wanda ya sayar mini.

Yanzu an sare tsamiyar, an cike kududdufin an yi shaguna, adaidaita sahu ce ke tsere inda dawakan kara suka yi. Ganuwarmu ko damina ɗaya ba ta gama ba. Ɗanliti direba ne a tashar Unguwa Uku, gemu fari fat, in ya hango ni sai ya dunƙule hannu ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarauniya," yana sosa wuya. Ina kewar wancan fili. Abin da bai canja ba shi ne tagar. Na sha wucewa in ga wata yarinya mai tallar awara maƙale da ƙarfen, ido ɗaya a aji, ido ɗaya a kan bokitinta.

Washegarin ranar da na karanta littafin nan, da safe na sa hijabina, na ɗauki kujerar tsuguno, na shiga firamaren ta ƙofa, na faɗa wa shugabar abin da ke tafe da ni ba tare da na roƙa ba. Sannan na zagaya bayan ajin na ce wa yarinyar, "Sauko, 'yata. Kawo bokitin, ni zan tsare miki. Shiga ki ji ƙarshen."