Gaskiyar da Na Kai Darini

Ni mutum ne mai saurin fushi, wannan duk Yasore an sani. Amma fushin da na yi wa ƙanena a bazarar da zan ba ku labari, rabinsa da kaina nake yi, don ni na ja har ya so tafiya inda na baro da kyar.

Zamanin Turawa ne, lokacin babban yaƙi. Na daɗe ina karen mota a hanyar Katsina zuwa Funtuwa, ina loda buhunan gyaɗa ina saukewa, har maigidana ya gaji da nacina ya sakar mani sitiyari. Da aka yi shela ana neman direbobin da za su tuƙa wa soja lori a ƙetaren teku, aka ce aiki ne na ɗan lokaci kuma albashin direba ya ɗara na sauran soja, sai na je na dangwala yatsa ban ko shawarci Baba ba. Mu biyu muka tafi daga yankinmu, ni da wani abokina ɗan Darini da muka yi karen mota tare. Aka zuba mu jirgin ruwa a Ikko, muka yi ta amai har aka sauke mu a wata gaɓa, daga nan muka ja motoci muka nufi ƙasar Habasha. Ni kaɗai na dawo.

Na dawo da kaya, ba zan ɓoye ba. Ga keke sabo ful, ga akwatin ƙarfe, ga turamen zane na Inna da matan gida, ga rawanin Baba. Na sayi shanu biyu na ba wani Bafillace na rugar bayan gari ya riƙe mani. Ƙanena da ke bi mani, magidanci ne da matarsa da ɗiyansa biyu, shi ya riƙe gandun gidanmu duk tsawon tafiyata. Shi na ba babban kwat na soja mai maɓallan tagulla, da takalman da ko ƙaya ba ta huda su.

To, kun san al'adarmu in matafiyi ya dawo. Zaure ba ya rabuwa da mutane. Kowa ya zo sai ya tsuguna ya jero gaisuwa: ya hanya, ya gajiya, ya ka baro mutanen can. Amsa kuwa a shirye take tun kafin a haife ka. Hanya lafiya lau, babu gajiya, mutanen can suna gaishe ku. Namiji ba ya zama gaban mahaifinsa da surukansa ya ce ya ji tsoro. In aka matsa mani in ba da labari, sai in zaɓo na dariya, na kifin teku da ya fi ɗakin Inna girma, ko na Baturen da rana ta gasa har ya kasa sa hula. Har gidan su abokina na je da jakarsa, na durƙusa gaban mahaifinsa na ce zazzaɓi ne, kwana uku ya yi, mu muka yi mashi wanka da sutura da salla. Tsohon ya yi hamdala da ɗansa ya samu 'yan'uwa Musulmi a kansa. Na taso ina ganin na kyauta, don kowa a matsayina abin da zai faɗa ke nan.

Abin da ban lura da shi ba, duk wannan zaman ƙanena yana gefe yana ji. Ya ga keke, ya ga shanu, ya ji lafiya lau fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Shi kau tun tashinsa bai san komai ba sai fartanya.

Da bazara ta shigo aka fara sharar gona, sai labari ya iso kasuwar Batsari cewa ana sake neman direbobi, wannan karon wata ƙasa za a kai su mai nisa ana ce mata Bama. Wanda bai iya tuƙi ba ma za a koya mashi a Zariya. Malamin ɗaukar sunaye zai zauna Safana kwana uku. Muna zuba taki a gona ƙanena ya ce mani, kamar zancen wasa, yana so ya gwada.

Na ce, "Ba za ka ba."

"Saboda me, Yaya?"

"Saboda na ce ba za ka ba!"

Ku ji wauta. Iyakar dalilin da na ba shi ke nan, na ƙara da zagi, na jefar da mangala na bar gonar. Mutum mai ɗiya biyu, na yi mashi tsawa kamar na kama akuya a rumbu. Shi dai ya ci gaba da watsa takinsa.

Kwana biyu bayan haka, hantsi ya ɗaga ina gyaran sarƙar keke, na ji motsi bayan zana. Matar ƙanena ce. Tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa tsayawa ta yi magana da ni ba, saboda kunyar wan miji, ko ruwa za ta ba ni sai ta ajiye ta wuce. Ranar ta tsaya, ba ta dai fito fili ba, ta ce, "Yaya, tun bayan asuba ya kama hanyar Safana." Ban jira ta ƙara ba, na haye keke.

Na cim mashi a wani busasshen rafi, ya zauna gindin tsamiya yana zazzage yashi daga takalman da na ba shi. Na jingine keke na ce ya tashi mu koma.

Ya ce, "Yaya, kai ka je ka samo. Shekara nawa ina noma gandu, ko tinkiya ban ajiye ba? Haraji ya zo sai mun taɓa rumbu. Kai ka yi tafiya ɗaya ka dawo da shanu. Yanzu ni ne za ka hana?"

Gaskiya ya faɗa. Shanun na nan suna kiwo, madararsu ɗiyansa suke sha. Ban taɓa ce wa kowa kuɗin nan banza ne ba, kuma har gobe ba zan ce ba. Na ga shekarar da fari ya sa aka binne yara a garinmu, na san zaman gida ma yana kisa. Wanda ya san abin da ke can, ya auna, ya ce zai je, tsakaninsa da Allah, ba ni da bakin hana shi. Amma ƙanena bai sani ba. Ma'aunin da yake awo da shi, ni na ba shi, kuma ni na san na ƙarya ne.

Sai na zauna ƙasa kusa da shi na faɗa mashi. Na ce abin da muke ɗauka garwa-garwa ne na man fetur, an jera su har saman bodi, wasu na yoyo, wari na bin mu duk inda muka yi. Na ce hanyar a jikin dutse aka sassaƙe ta, faɗinta da kyar mota biyu ke gifta juna, hannun hagu rami ne wanda in ka jefa tsakuwa ba ka jin saukarta. Abokan gaba kafin su ja baya sun binne nakiya a ƙasa, ba ka ganin komai sai turɓaya. Odar da aka ba mu ita ce, in mota ta kama wuta, ta bayanta ba ta tsayawa, don in ta tsaya duk jerin zai tashi. Motar abokina ce a gaban tawa. Tayarsa ta taka nakiya. Ƙofarsa ta lanƙwashe ta ƙi buɗuwa, wuta ta taso daga baya. Na raɓa ta gefensa, tayata tana bakin ramin, zafin yana dukan fuskata, na gan shi yana dukan gilashi. Na wuce. Da aka komo washegari babu abin da za a yi wa wanka.

Ƙanena ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ba zazzaɓi ka ce ba?"

"Na ce."

"A gabana ka faɗa wa Baba. Ka je har Darini ka faɗa wa ubansa. Yau kuma da kake so in koma, sai ga wuta. Wanne zan ɗauka, Yaya?"

Kai! Jinina ya hau, saura ƙiris in kai mashi mari. Ni zai ƙaryata? Amma hannun ya ƙi ɗaguwa, don wata huɗu na yi ina koya mashi cewa bakina yana faɗin abin da ya dace, ba abin da ya faru ba. Na yi rantsuwa, ya kau da kai. Ya ce, yana ɗaure takalmi, "In gaskiya ne, je ka faɗa a gaban ubansa." Na san abin da ke ransa. Yana ganin babu mai hankalin da zai koma gidan makoki ya tono abin da ya lafa, don haka zan yi shiru, shi kuma ya wuce.

Na miƙe na kaɗe rigata na ce, "Hau keke."

Tafiyar nan ban taɓa yin mai nauyinta ba, ko a kan duwatsun Habasha. Sau biyu ƙanena ya ce daga bayana, "Yaya, bari, mu bar shi." Na ce ba a bari. Na riga na yanke a zuciyata, ko tsohon nan zai tsine mani, ko duk Darini za su taru su jefe ni, sunan ƙanena ba zai hau takardar malamin nan ba a kan ƙaryata.

Muka iske tsohon a inuwar zaurensa yana tukar igiyar rama, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa. Ya ji daɗin ganina, ya sa aka kawo mana fura. Muka yi gaisuwa tun daga kwana har gida, har iyali, har zafin rana, har jiran ruwa, babu wadda muka tsallake, ina amsawa harshena kamar itace. Da aka gama na cire hula na matso na ce, "Baba, na zo in gyara maganar da na faɗa maka. Ba zazzaɓi ba ne."

Na faɗa mashi yadda na faɗa wa ƙanena, ban rage ba. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Ba a yi mashi wanka ba ke nan."

"Ba a yi ba, Baba."

"Ba a yi mashi salla ba."

"Ba a yi ba."

Kaji suna tono a gabanmu. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ya samu yin shahada?"

Allah ya sani amsa mai daɗi tana bakina, ta zo da kanta. Kalma ɗaya ce, tsohon ya samu abin riƙewa har ƙarshen ransa. Ina jin idon ƙanena a gefen fuskata. Na haɗiye ta na ce, "Ban ji ba, Baba. Abin da na ji, sunana yake kira."

"Ka tsaya?"

"Ban tsaya ba. An hana mu. Ko da ba a hana ba, ƙafata ba ta iya ɗaguwa daga totur ba, tsoro nake ji."

Tsohon ya yi salati a hankali, ya maimaita. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi so. Ya warware igiyar daga yatsansa, ya naɗe ta a hannu, ya ajiye. Ya waiga ƙofar cikin gida inda ake jin daka, ya ce da mu ƙasa-ƙasa, "Uwarsa ba za ta ji wannan ba. Ni zan riƙe." Sannan ya dubi ƙanena ya tambaye ni ko wane ne. Na ce ƙanena ne, yana hanyar Safana ne zai ba da sunansa. Ya daɗe yana kallonsa, tun daga kai har ƙasa. Ya ce, "Ku tashi, rana tana yi."

Muka fito ina jan keken. A mararraba na tsaya zan hau, na ɗora ƙafa a feda ta zame, na sake ɗorawa ta sake zamewa. Ban ce ya bi ni ba. Hanyar Safana tana nan, ƙafarsa tana jikinsa.

Ya sa hannu ya riƙe keken, ya ce, "Kawo, Yaya. Hau baya."

Ya juya shi ya fuskanci Yasore. Bai iya sosai ba, muna tafe muna tangaɗi cikin yashi, na riƙe rigarsa da hannu biyu. Can sai na ji abu ya taso mani daga ƙirji, na kifa goshi a bayansa na yi kuka da ƙarfi, ni ƙaton mutum, da rana tsaka, mata masu dawowa daga rijiya suna ratsewa suna kallonmu. Ƙanena bai waigo ba, ya ci gaba da taka feda.