Kujerar da Inna Ta Ba Kulu

Ranar Asabar, mako guda bayan Babbar Sallah, a shekarar da aka rufe makarantu saboda korona, ina tsaye a ƙofar gidanmu da ƙwaryar dusa a hannu, ina kallon Kulu 'yar Baffana tana shiga motar mijin Goggo Rabi. An yi ruwa da asuba, gero ya fara fitar da kai, ya rufe hanyar da ta fita daga garinmu zuwa titin Tsanyawa. Abuja za su, gidan lilo, inda aka ce akwai jirgin ƙasa na yara da wani ƙaton lilo mai kai mutum sama har ya hango gari duka. Wurin mutum ɗaya ne ya rage a motar, kuma tun da aka fara zancen tafiyar na sa a raina nawa ne. A ƙafar Kulu kuwa takalmin sallata ne, Inna ta ara mata saboda nata ya tsinke. Ta ɗago min hannu ta taga tana washe baki. Na juya na shige turken awaki, na watsa musu dusar da ƙarfi har ta ɓata min zane.

Goggo Rabi ƙanwar Baba ce, malama a wata makarantar kuɗi a birnin Kano. Da aka fara maganar kulle gari sai ta kwaso yaranta biyu ta dawo ƙauye, aikinta kuma ya biyo ta cikin waya. Sabis ɗin waya ba ya shiga gidanmu a lokacin, sai an hau tudun bayan firamare, gindin wata tsohuwar kuka. Kullum da hantsi can take zuwa da tabarma da ɗan farin allo, ta jingine wayar a jikin saiwar kukar, ta yi ta magana da yaran da ba ma gani. Jaki ya yi kuka a gonar Malam Sani, mu ji dariyar 'yan birni tana fitowa daga wayar. Mu kuma muna tsaye daga nesa da damin ciyawa a ka, baki buɗe. Namu karatun a rediyo aka sa shi, amma lokacin da ake yin sa muna gona muna binne taki a gindin dawa, kafin mu dawo an koma labaran duniya. Da Goggo ta ga mun fara manta ko jadawalin sau, sai ta buɗe mana aji a zauren Baba bayan la'asar.

A ajin nan ba yabon kai ba, ni ce gaba. Ni ke ɗaukar mata tabarma zuwa tudu, ni ke goge allo, ni ke goya ƙaramin ɗanta in ya fara rigima tana tsakiyar darasi, in yi ta jijjiga shi a bayan kuka don kada iyayen 'yan birni su ji. Ni ke kai wayar shagon caji ran kasuwa in zauna gadinta. Kulu sa'ata ce, ɗakinsu na kallon namu, tare muke surfe, tare muke zuwa rijiya. Amma a aji carafke take yi a ƙarƙashin hijabi, in an tambaye ta sai ta zunguro ni da gwiwar hannu. In Goggo ta ce "madalla", to da ni take, kowa ya san haka.

Gab da Sallah aka buɗe hanyoyi, mijin Goggo ya samu hutu, ya ce zai cika wa yaransa alkawarin gidan lilo. Goggo ta ce ba za ta fasa darasi ko ɗaya ba. Da safe za ta koyar da 'yan birni daga masauki, da yamma a tafi wasa, mu na ƙauye kuma za ta riƙa turo mana saƙon murya ta wayar Baba. Kashegarin Sallah mata suna tsakar gida ana suyar nama, hayaƙi ya cika ko'ina, ina gefe ina yanka albasa, sai Goggo ta dubi Inna ta ce, "Yaya, akwai wurin mutum ɗaya a mota, wa za ki ba ni?" Na tsayar da wuƙar, don na san abin da zai biyo baya. Ni 'yar fari ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, sai "ke", sai "yarinyar nan", in ta ji haushi "waccan". Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta tsaya min, ko nama ake rabo nawa ne na ƙarshe. Ga kuma kara, wadda ba za ta bar mace ta zaɓi ɗanta ba alhali ga ɗan wata a tsaye. Inna ko ɗago kai ba ta yi daga kaskon ba ta ce, "Ki tafi da Kulu."

Iya Talatu, uwar Kulu, ta nuno ni ta ce, "A'a, Bilki dai, ita ke yi miki wahala." Inna ta ce, "Waccan? Wa zai kula da awaki?" Na zuba wa Iya Talatu ido ina jira ta ƙara. A gidanmu in aka fara irin wannan ja-in-ja, ko a kan ƙafar kaza ne, sai an yi ta turawa juna har wata ta gaji. Ran nan Iya Talatu ta gaji da wuri. Ta ci gaba da juya namanta kamar ba a yi komai ba. Goggo ta waiwayo ta dube ni, na ga ta gane ɓarnar da ta yi. Da a ce Iya Talatu Goggo ta tambaya, da karar nan ce za ta sa ni a mota. Zaman birni ya sa ta manta wanda ake tambaya, kuma magana ta riga ta fita gaban mutane, ba a mayar da ita. Na gode wa albasa, don ita aka ɗora wa laifin idanuna.

Don a rarrashe ni sai aka ba ni muƙami. Goggo ta ce tunda na fi kowa kai, ni zan riƙa hawa tudu da wayar Baba in sauko da darasi, in kunna wa sauran a zaure. Ban san azaba aka ba ni ba sai da saƙon farko ya shigo. Goggo tana bayanin yadda ake raba lemo gida huɗu a ɗauki kashi ɗaya, a bayanta kuwa kiɗa ne, da ƙarar ƙarfe, da ihun yara yana tashi yana sauka. A kan layin shiga lilo take yi mana karatu. Tana cikin magana sai ta katse: "Kulu, riƙe hannun ƙaninki!" Ko ta ce, "Ku yi haƙuri, layi ya zo kanmu, zan ƙarasa muku." Sauran yara su yi ta dariya suna rubutu. Ni kuwa in na gama kunna musu sai in koma tudu ni kaɗai, in manna wayar a kunne, ina ture muryar Goggo gefe ina laluben abin da ke bayanta, har Baba ya fara faɗan cinye masa caji.

Wata rana muryarta ta zo a gajiye. Ta ce iyayen 'yan birni sun matsa mata da kira, sai da ta koma cikin mota ta rufe gilashi ta sake musu darasi, kafin ta fito an gama hawa jirgin ƙasan ba da ita ba. Wallahi ban ji tausayinta ba. A raina na ce, ai ko zaman motar ne ni a ba ni. Amma wanda ya fi ƙona ni shi ne saƙon da ta yi tambaya a ciki, sai ga muryar Kulu, baki cike da wani abu mai sanyi, ta ce, "Rabin lemo ne, Goggo." Goggo ta ce, "Madalla, Kulu." Ta ɗauke min kujera, ta ɗauke min takalmi, yanzu har madallata ta haɗa. Ran nan akuyar da ta taka min ƙafa ta sha dukan da ba nata ba.

Da yamma na samu Inna a bayan rumbu tana tsinkar zogale, babu kowa kusa. Na tsaya a kanta na ce, "Inna, don me ba ki ce ni ba?" Ta ɗago ta dube ni kamar na faɗi wani abin kunya. "Ke, a bakina? Gaban mutane?" Shi ke nan abin da ta ce. Ta turo min faifan da ƙafa na zauna muka ci gaba da tsinka. A lokacin fassarar da na yi wa maganar ita ce ban dame ta ba, na kuma riƙe wannan fassarar da hannu biyu.

Da suka dawo, Kulu ta sauko da wata 'yar takarda mai launi ɗaure a wuyan hannu, shaidar shiga gidan lilon, ta ƙi cire ta har wajen wanka, sai ta ɗaga hannun sama. Yara suka kewaye ta a gindin darbejiya. Na yi kamar ina shara a kusa. Sai na ji tana cewa ita fa ba ta hau babban lilon ba, tsoro ta ji, dawakin roba masu zagayawa kawai ta hau, su ma ta runtse ido. Na jefar da tsintsiyar. Wato an kai mutum har gindin abin, ya tsaya yana kallo kamar yadda nake kallonsa daga tudun bayan firamare! Da ta ji daɗinsa ma da ya fi min sauƙi. Takalmina ya dawo da igiya ɗaya a sake, ban ƙara sa shi ba. Sai da aka yanke gero muka koma zuwa rijiya tare.

Yanzu ina kwalejin horon malamai a birni. Sabis ya shiga har ɗakin Inna, ba mai hawa tudu kuma, yaran gidanmu ba su san kukar nan ta taɓa zama aji ba. Ina kewar zauren Baba da ƙamshin ƙasa bayan ruwa, har da kukan jakin Malam Sani. Sallar bara ni da ƙawayena muka je wani gidan lilo a nan birni, na hau babban, ban runtse ido ba. Da muka kai can ƙoli na ɗauki saƙon murya, iska da ihuna da komai, na tura wa Kulu don ta ji yadda ake yi. Ta ce a tsakar gida ta kunna, mata suka yi ta shewa, Inna ta taɓe baki ta ce hayaniya ce kawai. Sai da kowa ya watse Inna ta leƙo daga ɗaki ta kira ta a hankali: "Ke Kulu, zo ki sake kunna min na yarinyar nan." Har yau ina kishin kujerar nan, amma na daina jin haushin bakin da ya bayar da ita.